Ina Aka Bar Matar Makau? Tsokaci A Kan Matar Da Mijinta Ya Tafi Aikin Hukuma A Adabinmu

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin rubutun zube ya san cewa ƙagaggun labaranmu na farko, watau waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, kusan dukkansu labaran tafiya ne. Alhaji Imam ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan Bagaja. Ganɗoki ya rataya takobi ya yi gabas. Abubakar na Jiki Magayi ya nausa daji neman abin da zai rama cutar da aka yi masa. Umar kuwa ba da son ransa aka fitar da shi ba, amma dai tafiyar ce ta kai shi har ƙasar Masar. Mun karanta waɗannan littattafai, mun yi jarrabawa a kansu, mun feɗe jigo da salo da zubi da tsari har abin ya zama mana kamar karatun salla. Amma akwai tambaya ɗaya da nake so in kawo gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Sa'ad da namiji ya fita, marubuci ya bi bayansa da alƙalami, wa aka bari a cikin gida, kuma me take ci?

Ba matar kowane matafiyi nake nufi ba. Falke ko ɗan cirani shi ke sa ranar fita, kuma in abu ya yi tsanani yana iya naɗe buzunsa ya komo. Wadda nake nufi ita ce matar da hukuma ta kira mijinta, ko bafaden da sarki ya tura hari a zamanin da, ko sojan da aka yi wa busa ya hau mota a zamanin yanzu. Wannan ba shi ya zaɓi ranar tafiya ba, ba shi zai zaɓi ranar dawowa ba, dawowar ma ba tabbas ba ce. Irin wannan mata kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samarinmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka kai su Bama tsakanin 1943 da 1945, da yawansu ba su ga gida ba sai 1946. An kai wasu Kwango daga 1960. A yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000. Sa'an nan ga Laberiya daga 1990, ga Saliyo, ga kuma abin da ya faro a arewa maso gabas tun 2009. Mai karatu ya ƙiyasta da kansa ɗakuna nawa aka kashe wa fitila cikin waɗannan shekaru da mace ita kaɗai da 'ya'yanta a ciki.

Bari mu fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin a nan ne muka fi kusa da ganin wannan mata. Bayan rasuwar mahaifin Umar, uwarsa ta auri Makau, bafaden Sarkin Kagara. Sarki ya tara fadawa ya tura su hari, Makau ya yi sallama da iyali ya fita. Daga wannan sallama alƙalami ya hau doki. Mun ga shirin hari, mun ga komowa, mun ga yadda 'yan baƙin ciki suka ƙulla wa Makau sharri a kan bayin da aka kamo, aka washe gidansa aka kore shi. Mun bi shi cikin daji har ya sami mazauni a Maƙarfi. To, a duk tsawon wannan lokaci matar tana Kagara, a gidan da aka washe, ga ƙaramin yaro, ga mijin da sarki ya yi fushi da shi. Wa zai shiga gidan wanda sarki ya kora ya kai gudummawa a fili? Da me ta yi tuwon daren da aka kwashe kayan gidan? Ƙawayenta na da sun ci gaba da aiko gaisuwa ko sun ɗauke ƙafa? Nan fa labari yake, mai zafi kuwa, amma marubucin ya tsallake shi kamar mai tsallake kwata.

Kada a ce Tafawa Ɓalewa bai damu da wannan mata ba. Haƙiƙa babu tauraruwar da ta fi ta ban tausayi a littattafan 1934. Sai dai a lura da lokacin da ta zama tauraruwa. Sai da ta tafi Fatika ganin iyayenta, aka sace Umar a bayanta, ta bazama nemansa, aka yaudare ta aka sayar, ta bi ayari ta ƙetare Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus, sa'an nan littafin ya ba ta shafuka. Watau sai da ta fita daga zaure ta zama matafiyiya kamar namiji, sa'an nan ta cancanci labari. Muddin tana zaune tana jira, ba ta da labari. A ganina wannan shi ne ainihin ciwon, kuma ba na marubuci ɗaya ba ne, na zubin labarin ne kansa. Mun gaji zubi daga tatsuniya da hikayoyin Larabawa wanda a cikinsa labari ba ya motsi sai ƙafa ta motsa. Wanda ya zauna wuri ɗaya, ko da duniya ta kife a kansa, zubin ba shi da inda zai ajiye shi.

Misalin da ya fi ba ni mamaki yana cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Kowa ya san ƙashin bayan littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya tafi da Mahmudu, ya bar Musa a gida. Musa ya ƙosa ya bi su, Waziri kuwa yana jiran ya fito ya sa a kama shi. Kullum dare Musa ya yi ɗamara ya zo sallamar aku, aku ya ɗauko labari ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Mu duka mun sha daɗin wannan dabara tun muna firamare. Abin da ba kowa ya kula da shi ba shi ne asalinta. Masu nazari sun daɗe da nuna cewa wannan ƙashin baya aro ne daga wani tsohon littafin Indiya, Shukasaptati, mai labarai 70 na aku, wanda Ziya'uddin Nakhshabi ya sake zubawa cikin Farisanci wajen 1330 da sunan Tutinama, ya mai da shi dare 52. A can kuwa ba ɗan sarki aku yake riƙewa ba. Matar aure ce. Mijinta ya tafi fatauci ya bar ta da tsuntsaye, kaɗaici ya dame ta, ta yi niyyar fita wurin wani saurayi, kullum dare ta ci ado ta zo neman iznin aku, shi kuwa ya ja ta da labari har asuba, har ranar da mai gida ya komo.

A dubi abin da Alhaji Abubakar Imam ya yi da wannan kayan aro. Ya riƙe akun, ya riƙe daren, ya riƙe asubar da ke katse fita. Fataucin ya mai da shi yaƙi, watau ya kawo labarin daidai kan maganarmu, mai gida ya tafi aikin ƙasa. Sa'an nan ya cire matar ɗungum ya dasa yaro a gurbinta. Labarin da tun asalinsa aka gina shi a kan matar da aka bari a gida, ya shigo Hausa ba tare da ita ba. Sarki guda ya tafi yaƙi da runduna guda, kowane barde da iyalinsa, amma zuciyar da aka nuna mana tana ƙuna saboda rabuwa ta Musa ce kaɗai.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai ƙarfi. Imam littafin makaranta aka sa shi ya rubuta, yara za su karanta, sarakuna da malamai za su duba. Ba yadda za a yi a ɗora littafi uku a kan matar aure mai shirin fita wurin kwarto a miƙa wa 'yan elementare. Na yarda. Har ma ina ganin sauyin da ya yi gwaninta ce, domin makircin Waziri ya sa wa labarin haɗari na gaske wanda ya fi na asalin. Amma wannan amsa ita kanta ta tona wani abu. Tsohon labarin bai san matar matafiyi ba sai a matsayin abar zargi, wadda sai an sa mata mai gadi ko da tsuntsu ne. Haka labaran kwartanci da muke ji a bakin mutane suke, da zarar an ce mai gida ya yi tafiya, mai sauraro ya san abin da zai biyo baya. Da Imam ya ƙi wannan hoto, bai sami wani hoton da zai musanya da shi ba, sai ya share ta. Ke nan adabinmu hanya biyu ya ba ta, ko a zarge ta ko a manta da ita. Matar da ke auna dawa da gwangwani don ta kai ƙarshen wata ba ta cikin ko ɗaya.

Abin kunya a gare mu masu adabi shi ne malaman fiƙihu sun riga mu ganinta da ɗaruruwan shekaru. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san hukuncin matar wanda ya ɓata ba a san inda yake ba: ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara 4, bayan nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, sa'an nan ta yi aure in ta so. Malaman Malikiyya har sun ware hukuncin wanda ya ɓata a fagen fama daban, sun kuma yi magana a kan matar da miji ya yi nisa bai bar mata abin ci ba. Ga kuma sanannen labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, da ya ji wata mata cikin dare tana kukan rashin mijinta da ke wurin yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, ya sa wa mayaƙa wa'adin 'yan watanni su riƙa komowa gida. Malamai sun ƙirga mata kwanaki, sun san tana jin yunwa, sun san tana jin kewa, ba su ji nauyin faɗa ba. Marubucin ƙagaggen labari, wanda aikinsa ke nan ya shiga inda alƙali ba ya shiga, shi ne ya tsaya a ƙofar gida.

Waƙa ma ba ta fid da mu kunya sosai ba. Yaƙin basasa ya haifar da waƙoƙin Hausa masu yawa, na baka da rubutattu, cikinsu har da wadda Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi wa soja, kuma Graham Furniss ya yi nazarin waƙoƙin wannan yaƙi a 1991. Jigonsu a fili yake: zuga dakaru, kirarin manyan hafsoshi, lissafin garuruwan da aka kama, zambo ga Ojukwu. Ba na ganin laifinsu a kan haka, waƙar yaƙi aikinta ke nan, kuma an yi su ne wuta tana ci. Illa dai salon kirari ba shi da wurin mai jira. Kirari na wanda ya yi ne, ba na wanda ya daure ba.

Alhali kuwa kayan labari ga su nan zube a bariki. Sunayen barikokin kansu abin lura ne. Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk daga yaƙin Bama aka samo su. Mace tana shara, tana wanki, tana haihuwa a cikin unguwar da aka raɗa wa sunan dajin da mazan wasu matan suka kwanta ba su tashi ba. A cikin bariki akwai magajiya, shugabar matan soja, wadda ke raba faɗan famfo, ta kai kukan mata gaban hukuma, wani lokaci da ita ake shiga ɗaki a faɗi mummunan labari. Wane marubuci ne zai ce ya rasa tauraruwa ga magajiya a zaune? Akwai kasuwar mami, wadda aka ce ta samo sunanta daga Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da abin sha na gero a barikin Inugu cikin 1959. Watau kasuwar da yanzu kusan kowane bariki yake da ita, daga hannun matar soja mai neman abin rufin asiri ta fito. Akwai kason albashi da ake yanka wa iyali, da rigimar da yake haddasawa tsakanin mata da uwar miji da ƙannen miji, kowa yana ganin shi ya fi cancanta. Akwai ɗakin da ba nata ba ne, na hukuma ne, in miji ya faɗi wata rana za a ce ta kwashe kayanta. A da akwai wasiƙa, wadda sai an kira ɗan makaranta ya karanta, saboda haka miji ba ya iya rubuta abin da ke ransa, ita ma ba ta iya mayar da abin da ke nata. Yanzu waya ce, wadda in ta yi kwana uku ba ta shiga, abinci ba ya wucewa a maƙogwaro. Matar da aka bari a ƙauye kuma nata daban ne: gonar da za a nome, jingar da ginin ɗaki yake bukata kafin damina, sunan jaririn da uba bai gani ba, da idon gari da ke ƙirga sau nawa ta leƙa zaure.

Za a ce ai irin waɗannan ƙananan abubuwa ba sa ɗaukar littafi. Hujjata a kan masu faɗin haka ita ce Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Mijin Rabi ba aikin hukuma ya tafi ba, korar ta ya yi da 'ya'ya tara saboda amarya. Amma abin da ya riƙe mai karatu a littafin shi ne daidai abin da magabata suka tsallake: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, sayar da abinci, wa ya taimaka wa ya juya baya. Rabi ba ta ƙetare Sahara ba, amma ba ka iya ajiye littafin. Wannan ya nuna Hausa ba ta gaza ba, zubin tafiya ne ya gaza, kuma da mata suka karɓi alƙalami a shekarun 1980 suka shigo da shi tsakar gida. Ko kafin su, Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarinta aka buga da Turanci a 1954, ta nuna irin abin da tsohuwa ɗaya take riƙe da shi na zaman gida a zamanin hare-hare. Abin takaici shi ne adabin kasuwar Kano, da ya sami wannan ƙofa a buɗe, ya fi karkata ga soyayya da kishi. In soja ya fito a ciki, sau da yawa kyakkyawan saurayi ne mai kaki da mota wanda 'yan mata ke rububi, ba mutumin da za a kwashe da tsakar dare a bar amarya da tsohon ciki ba.

Akwai wata wahala ta gaskiya da ya kamata mu faɗa, don kada a ɗauka rowar alƙalami ce kawai. Wahalar ita ce kunya. Bahaushiya ta asali ba ta kiran sunan mijinta, balle ta zauna gaban surukai ta ce tana kewarsa. In aka tambaye ta labarinsa, iyakarta ta ce lafiya lau, ta sunkuyar da kai. Marubucin da ya sa ta tsaya tana zuba kalaman bege kamar a fim ɗin Indiya ya yi mata ƙarya, mai karatu kuma zai gane. To, yaya za a rubuta kewar wadda al'ada ta hana ta faɗa? A nan ne nake ganin gwanin marubuci zai bambanta da mai cika takarda. Kewar tana cikin kwanon mai gida da aka wanke aka kife wata shida ba a taɓa ba. Tana cikin yadda take ƙara kunna rediyo in an zo labaran duniya alhali tana nuna kamar tankaɗe take yi. Tana cikin dukan da ta yi wa yaro a kan laifin da bai kai ba. Matanmu sun san wannan hanya tuntuni. Waƙoƙin niƙa da na daka da na reno cike suke da habaici da zaurance, inda mace ke gaya wa dutsen niƙa abin da ba ta iya gaya wa mutum. Marubutanmu sun ari karin magana da kirari daga adabin baka, amma wannan dabara ta ɗakin niƙa ba su are ta ba, wataƙila don mafi yawansu tun suna yara aka fitar da su daga cikin gida zuwa zaure, daga zaure zuwa makarantar kwana.

Wanda kuma yake tsammanin mai jira ba ta da abin yi sai jira, ya tuna da watan Agusta na 2014. Bayan Gwoza ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, matan soja a barikin Giwa da ke Maiduguri suka fito da 'ya'yansu suka tare ƙofa, suka ƙona tayoyi, suka ce ba za a fita da mazansu ba sai an ba su makaman kirki. Jaridu sun buga, gidajen rediyo sun faɗa, aka wuce. Amma matar da ta tsaya gaban motar soja ba a ranar ta yanke shawara ba. Akwai watanni a bayan wannan tsayuwa, na zaman makoki a ɗakin maƙwabciya, na ƙus-ƙus a bakin famfo, na lissafin wa ya dawo wa bai dawo ba a layinsu. Ɗan jarida ranar tayoyi kaɗai ya gani, domin shi ma, kamar marubutan 1934, sai ƙafa ta motsa yake ganin labari. Watannin da suka gabace ta na marubucin ƙagaggen labari ne, kuma cikinmu a wannan ƙungiya akwai 'ya'yan bariki da suka tashi a irin waɗannan layuka, suna jin abin da iyayensu mata ke faɗa in an rufe ƙofa.